Da Gaske Ne Sudan Ta Halatta Auren Jinsi? Bayani Kan Dokar Ƙasa Da Dokar Jiha

 

Ga taƙaitaccen abin da muka tattauna a filinmu na sanin doka na wannan mako, mun rubuta shi domin wanda bai samu ji ba, ko wanda ya ji rabi batir ya mutu.

Tambayar ta fito daga wani mai saurarenmu da ya daɗe yana kai raƙuma da raguna kasuwar Muwailih, a yammacin Omdurman. Ya ce gardama ce ta kaure a majalisarsu. Wani ya rantse cewa tun bayan faɗuwar Umar al-Bashir gwamnatin Sudan ta halatta namiji ya auri namiji, kuma wai a jihar Khartum aka fara, kamar yadda aka yi a Amurka jiha bayan jiha. Shi ne yake son a fayyace masa.

Amsar a gajarce: a'a. Babu wata doka, ta ƙasa ko ta jiha, da ta halatta auren jinsi a Sudan. Amma maganar ba daga iska ta faɗo ba, akwai abin da ya faru a 2020 wanda aka juya shi a bakin mutane. Bari mu bi shi daki-daki.

Abu uku ne, kada a cakuɗa su

Kafin mu shiga Sudan, ku riƙe wannan. Idan ana maganar doka a kan wannan lamari, matakai uku ne daban-daban.

Na farko, a rage hukunci: abin yana nan a matsayin laifi, sai dai horon ya sauka. Na biyu, a cire shi daga jerin laifuka, wato hukuma ba ta kama kowa a kansa, amma kuma ba ta ba kowa takarda. Na uku, hukuma ta ɗaura auren da kanta, ta rubuta shi a littafinta, ya zama akwai gado da sauran haƙƙoƙi.

Ku da kuke hulɗa da kwastan kun san wannan bambanci. Rage tarar kayan fasa-ƙwauri daban, cire kayan daga jerin haramtattu daban, ba ka lasisin shigo da su kuma daban. Abin da aka yi a Sudan bai wuce mataki na farko ba.

Abin da dokar Sudan ta ce

Dokar laifuka da Sudan take aiki da ita an kafa ta a 1991, shekara biyu bayan al-Bashir ya karɓi mulki a juyin mulkin 30 ga Yuni 1989. Sashe na 148 shi ne ya yi magana a kan luwaɗi. A yadda aka rubuta shi da farko, wanda aka samu da laifin karo na farko bulala 100 ce, kuma ana iya ɗaure shi har shekara 5. Karo na biyu ma bulala da ɗauri. A karo na uku, kisa ko ɗaurin rai da rai.

An tumɓuke al-Bashir ranar 11 ga Afrilu 2019, aka kafa gwamnatin riƙon ƙwarya, Abdalla Hamdok ya zama firaminista. A watan Yulin 2020 ministan shari'a, Nasruddin Abdulbari, ya bayyana gyare-gyare da dama a lokaci guda. An soke hukuncin kisa a kan ridda, aka mai da kafirta mutum laifi. An haramta kaciyar mata, da ɗaurin da zai iya kai shekara 3. An yarda wanda ba Musulmi ba ya sha giya a keɓe. An cire sharaɗin sai da izinin miji kafin mace ta yi tafiya da 'ya'yanta.

A cikin waɗannan gyare-gyare ne aka taɓa sashe na 148. An cire bulala, an cire kisa. Ɗauri kuwa yana nan daram: har shekara 5 a karon farko, har shekara 7 a na biyu, rai da rai a na uku. To kun ji. Ƙasar da ke ɗaure mutum rai da rai a kan abu, ai ba a ce ta halatta shi ba.

Gyaran ya ta da ƙura sosai. Bayan sallar Juma'a mutane sun fito titunan Khartum suna cewa an taɓa shari'a. Daga wannan hayaniya ce labarin ya tsallaka iyaka ta wayoyi, ya bi WhatsApp da Facebook, kafin ya iso Adre da Abeche da Diffa ya riga ya yi ƙiba. "An cire kisa" ta koma "an halatta", "an halatta" ta koma "har ana ɗaura musu aure".

Maganar aure kuma wata doka ce daban take kula da ita, dokar iyali ta Musulmi, ita ma ta 1991. A cikinta aure ƙulli ne tsakanin namiji da mace, da waliyyi, da shaidu, da sadaki. Ma'azun, wato malamin da hukuma ta ba izinin ɗaura aure, shi ke rubuta takardar da mutanen Sudan ke kira ƙasima. Gyaran 2020 bai canza ma'anar aure a wannan doka ba. Bayan haka sojoji sun rushe gwamnatin Hamdok ranar 25 ga Oktoba 2021, yaƙi kuma ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilu 2023 tsakanin sojoji da dakarun RSF. Allah ya kawo wa 'yan'uwanmu na can sauƙi.

To ina maganar jiha ta shigo?

Sudan tana da jihohi 18, suna kiransu wilaya. Jihar Khartum ita ta haɗa birane uku da ke mahaɗar kogin Nilu: Khartum, Omdurman da Bahri. Kuma gaskiya ne jihar ta taɓa samun dokarta ta kanta da ta shafi zaman jama'a. A zamanin al-Bashir an yi dokar da'a ta jihar Khartum, mai 'yan sandanta da kotunanta. Ita ce ta ce bikin da za a yi kiɗa sai an nemi izini, kuma a tashi da ƙarfe 11 na dare. Ta hana rawar maza da mata a cakuɗe, ta tsara har wurin zaman mata a motar haya. Duk wanda ya yi zama a Omdurman a wancan lokaci ya san ta. An soke ta a ƙarshen Nuwamba 2019.

Ku lura, wannan doka ta shafi yadda ake biki. Wa zai auri wa, wannan hurumin dokar ƙasa ne, walin jiha ba shi da ikon canza shi. Saboda haka ko da an soke dokar da'a, auren da ba a sani ba jiya yau ma ba a san shi ba.

Akwai wata shari'a da tsofaffin mazauna birnin za su tuna. A watan Agustan 2010 wata kotu a babban birnin ta yanke wa samari 19 bulala 30 kowanne da tarar fam 1,000, bayan 'yan sanda sun kama su a wani shagali. Jaridun gari sun rubuta cewa bikin auren maza ne. Amma abin da kotu ta hukunta su a kai shi ne sa tufafin mata da kwalliya. Abin da gari ya ɗauka daban, abin da alƙali ya rubuta daban. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Yadda abin ya faru a Amurka

Maganar "jiha bayan jiha" daga Amurka ta samo asali, kuma makiyayi zai fi kowa saurin gane ta. Ku tuna dokar hana kiwon sake ta jihar Binuwai, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Nuwamba 2017 a zamanin gwamna Samuel Ortom. Kana Nasarawa da garkenka ba ka yi laifin komai ba. Ka tsallaka Binuwai da shanun nan dai, ka zama mai laifi. Ƙasa ɗaya, kuɗi ɗaya, shugaba ɗaya, amma doka biyu.

Haka aure yake a Amurka. Jihohinsu 50 ne, kuma tun asali kowace jiha ita ke ba da takardar aure. A 1996 shugaba Bill Clinton ya sa hannu a wata dokar tarayya da ta ce a wurin gwamnatin tarayya aure na namiji da mace ne, kuma ba dole wata jiha ta karɓi auren jinsi da aka ɗaura a wata ba. A Nuwamba 2003 babbar kotun jihar Massachusetts ta ce hana shi ya saɓa wa kundin tsarin mulkin jihar, aka fara ba da takardu ranar 17 ga Mayu 2004. Ita ce jiha ta farko.

Wasu jihohin suka mayar da martani. A zaɓen Nuwamba 2004 kaɗai, jihohi 11 suka kaɗa ƙuri'ar haramta shi. Kalifoniya ta fara ɗaurawa a tsakiyar 2008, kafin shekarar ta ƙare masu zaɓe suka dakatar. Sai ƙasar ta zama kamar zanen atamfa: mutum biyu a wannan jiha ma'aurata ne a takarda, su yi tafiyar awa ɗaya a mota su zama baƙin juna a idon hukuma.

Wannan rikicin takarda ne ya kai maganar Kotun Ƙoli. Wani mutumin jihar Ohio mai suna James Obergefell da abokin zamansa da ke kan gargara sun shiga jirgi a 2013 zuwa jihar Maryland, aka rubuta musu aure a can. Rigimar da ta kai su kotu ita ce ko Ohio za ta rubuta sunansa a takardar shaidar mutuwar abokin nasa. Ranar 26 ga Yuni 2015 alƙalai tara suka yanke hukunci, biyar suka rinjayi huɗu, cewa dole kowace jiha ta ɗaura irin wannan aure kuma ta karɓi na wata. A lokacin jihohi fiye da 30 sun riga sun fara. A Disamba 2022 shugaba Joe Biden ya sa hannu a dokar da ta ƙara ɗaure maganar karɓar takardar wata jiha.

Abin lura a nan: hukuncin Kotun Ƙolin Amurka a kan jihohin Amurka kaɗai yake aiki. Bai hau kan Khartum ba, bai hau kan Kano ko Maraɗi ba. A duniya Holan ce ta fara a 2001. A duk nahiyar Afirka kuwa ƙasa ɗaya ce ta yi dokar ɗaura shi, Afirka ta Kudu, a Nuwamba 2006.

Najeriya, Nijar, Chadi da Kamaru

Najeriya ma tarayya ce mai jihohi 36, amma a nan ruwan ya gangara ta ɗaya ɓangaren. Kundin 1999 ya bar auren rajista a hannun tarayya, ya ware auren Musulunci da na gargajiya. Tun daga Zamfara a zamanin Ahmad Sani Yariman Bakura, jihohi 12 na Arewa suka ɗauki shari'a daga shekarar 2000, kuma dokokinsu na laifuka sun tanadi hukunci mai tsanani a kan luwaɗi da maɗigo. Sannan a Janairun 2014 shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar tarayya ta hana auren jinsi. Waɗanda suka ƙulla shi, ɗaurin shekara 14. Wanda ya ɗaura, ko ya yi shaida, ko ya taimaka, shekara 10. Dokar ta kuma ce takardar irin wannan aure da aka samo daga waje ba ta da daraja a Najeriya. Ke nan babu majalisar jihar da za ta iya bin sawun Massachusetts, domin dokar tarayya ta sha gabanta.

A Nijar muna cewa jihar Maraɗi, jihar Damagaram, jihar Tawa. Kada sunan ya ruɗe ku. Gwamna daga Yamai ake naɗo shi, kuma jiha ba ta yin dokar aure ko ta laifuka. Magajin gari ba ya rubuta auren jinsi, liman ba ya ɗaurawa. Chadi ma doka daga Njamena take fitowa, kuma kundin laifukanta na 2017 ya sa ɗaurin wata 3 zuwa shekara 2 da tara. A Kamaru wata 6 ne zuwa shekara 5.

Wato daga Sakkwato har Omdurman, duk tsawon tsohuwar hanyar alhazai da kakanninmu suka bi a ƙasa har wasu suka zauna a Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903, babu ƙasar da ke ba da wannan takarda. Ta fuskar addini kuma, malaman mazhabobi huɗu ba su yi saɓani a kan haramcinsa ba, manyan majami'un yankin ma haka suke cewa.

Me ya shafe ka, kai mai tafiya?

Wani zai ce, to ni da nake bin saniya ko nake auna gero, ina ruwana? Ruwanka yana wuri uku.

Na ɗaya, jita-jita tana da tsada. A tsakiyar 2024 labari ya cika Najeriya cewa gwamnati ta sa hannu a yarjejeniyar Samoa da Tarayyar Turai, wai ta karɓi auren jinsi a bakin dala biliyan 150. An yi huɗubobi, an yi tsinuwa. Ministoci suka fito suka musanta, ƙungiyar lauyoyin ƙasar ta duba takardar ta ce babu wannan sharaɗi a ciki. Amma an ce magana zarar bunu ce. Har yau akwai masu rantsuwa a kai. Duk saƙon murya da aka turo maka, ka tambayi abu uku kafin ka tura gaba: wace ƙasa, wace shekara, wane mataki daga cikin ukun nan da muka lissafa.

Na biyu, zargi makami ne, kuma baƙo aka fi sara da shi. A Afrilun 2017 an kama mutum 53 a wani otal a Zariya aka ce bikin auren jinsi suka je. A gaban kotu sun musanta, lauyansu ya ce bikin ranar haihuwa ne, aka ba da belinsu. A Disamba 2022 Hisbar Kano ta kama mutum 19 a kan irin wannan zargi. A Bauchi kuma, a Janairun 2014, taron jama'a sun yi ta jifan kotun shari'a da duwatsu suna neman a miƙo musu waɗanda ake tuhuma, alhali alƙali bai gama sauraron shaidu ba. Ku haɗa da shari'ar Khartum ta 2010. Sau da yawa sunan da gari ya ba abu ya riga hujja isa kotu.

Yanzu ka ɗauka kai ne. Ka sauka a garin da ba ka da kowa, kun kama ɗaki ɗaya ku huɗu don rage kuɗi, kamar yadda fatake suka saba tun kaka da kakanni. Ka bi wani bashin kuɗin raguna, shi kuma ba ya son biya. Kalma ɗaya zai jefa a tasha, kafin ka buɗe baki an kewaye ka. Wanda ya saba ɗaukar dutse idan an nuna masa wani, ya sani wata rana shi za a nuna.

Shi ya sa shari'a ta yi wa harshe takunkumi. Haddin ƙazafi bulala 80 ne, yana cikin Suratun Nur, kuma a mazhabar Malikiyya wanda ya jefi mutum da luwaɗi ba hujja ya shiga ciki. Dokar Sudan ta 1991 ma haka ta rubuta. Suratul Hujurat kuwa ta yi umarni a tantance labari kafin a aikata abin da za a yi nadama, kuma ta hana leƙen asirin mutane. Hukunci aikin alƙali ne, bayan shaidu da bincike. Duka a kasuwa, ko ƙona shago, ko watsa hoton ɗan wani a waya, babu dokar da ta ba ka wannan a duk ƙasashen da muka ambata, kuma idan rai ya salwanta kai za a nema da jini.

Na uku, kula da taka takardar. Darasin da ke cikin labarin Amurka, ko da kuwa lamarin nasu ya yi nisa da namu, shi ne aure a gaban hukuma takarda ne, kuma takarda tana iya rasa ƙarfi idan ta tsallaka iyaka. Da yawa daga cikinmu an ɗaura mana aure a ruga, da liman da goro da shaidu, kuma aure ne ingantacce a addini. Amma tun da yaƙin Sudan ya ɓarke, dubban iyalai sun tsallako ta Junaina zuwa Adre ba ko ƙyalle. A wurin rajista ana tambaya: wannan matar wa ce, yaran nan na wa ne? Haka in mutum ya rasu a wata ƙasa ya bar shanu ko shago, mai takarda ya fi saurin samun haƙƙinsa. In a Sudan ka yi aure, ka adana ƙasimarka. In a Najeriya ne, ka nemi shaidar aure a kotun shari'a. In a Nijar ne, ka je ofishin magajin gari a rubuta. Ka ɗauki hotonta a waya, ka ba wani ɗan'uwa kwafi ya ajiye. Yadda ba ka tafiya ba takardar allurar dabbobi, kada iyalinka su fi shanu rashin shaida.

Amsa ga mai tambaya

Malam, ka koma majalisa ka ce da abokin gardamarka: a Yulin 2020 Sudan ta cire kisa da bulala daga sashe na 148, ta bar ɗauri har rai da rai. Dokar jihar Khartum da aka soke a 2019 ta biki da zaman jama'a ce. Dokar aure ta 1991 tana nan a kan namiji da mace. Labarin jiha bayan jiha kuma na Amurka ne, daga 2004 zuwa 2015. Amma ka faɗa masa da lalama, shi ma ji ya yi an faɗa.

A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba gadon mamacin da ya rasu a wata ƙasa, dukiyarsa tana can magadansa suna nan: wace kotu ake zuwa, kuma waɗanne takardu ake riƙewa. Mai tambaya ya aiko ta hannun wakilinmu na kasuwa mafi kusa da shi.

Allah ya tsare hanya, ya ba da damina mai albarka, ya zaunar da ƙasashenmu lafiya. Mu kwana nan.